Ɗan'uwa Laurent: Tsohon sojan da ya mayar da madafa wurin ibada

A ranar 12 ga watan Fabrairun 1691, wani dattijo mai ɗingishi ya rasu a gidan masu zuhudu da ke titin Vaugirard a birnin Paris na ƙasar Faransa. Bai taɓa zama limamin coci ba, bai yi karatu mai zurfi ba, bai kafa wata ɗariƙa ba. Shekaru hamsin da ya yi a gidan, a gaban murhu da rumfar gyaran takalma ya kwashe yawancinsu. Amma yau, fiye da shekaru 300 bayan rasuwarsa, Kiristoci na ɗariƙu daban-daban suna karanta ɗan littafin da aka tara daga hirarrakinsa da wasiƙunsa, wanda aka fi sani da sunan La Pratique de la présence de Dieu. Tambayar da rayuwarsa ta amsa ta shafi duk mai cin abinci da guminsa: mutumin da aiki ya cinye masa wuni, wanda ba ya da lokacin dogon zama a ɗakin ibada, shin an bar shi a baya ke nan wajen kusantar Allah?

Ɗan ƙauye a ƙasar da yaƙi ya cinye

Sunansa na yanka Nicolas Herman. An haife shi wajen shekarar 1614 a ƙauyen Hériménil, kusa da garin Lunéville a yankin Lorraine. A lokacin Lorraine ba ta shiga cikin Faransa ba tukuna, ƙasa ce mai sarkinta, tana tsakanin Faransa da ƙasashen Jamusawa. Wannan zama a tsakiya ne ya jawo mata bala'i. Yaƙin Shekaru Talatin, wanda aka gwabza a Turai daga 1618 zuwa 1648, ya mayar da ita hanyar rundunoni. Sojojin Faransa, na Suwidin da na daular Jamusawa duk sun ratsa ta, suna ƙone ƙauyuka suna kwashe hatsi, yunwa da annoba kuma suna biye da su. Mai zane Jacques Callot, ɗan birnin Nancy, ya fitar da zane-zanensa na masifun yaƙi a 1633, kuma har yau ana kallonsu a matsayin shaidar abin da talakawa suka gani a wancan zamani.

Nicolas yana ɗan shekara 18 wani abu ya same shi wanda ya riƙa ambata har tsufansa. A tsakiyar hunturu ya ga wani itace da ya kakkaɓe ganyensa ƙaf, ya tsaya tamkar busasshe. Sai ya yi tunanin cewa ba da jimawa ba ganye zai sake tohowa, fure ya biyo baya, sannan ƴaƴa. Wannan tunani ya buɗe masa ido a kan ikon Allah da kulawarsa ga halitta, ya kuma kunna masa ƙaunar Allah wadda, a faɗarsa, ba ta sake mutuwa ba. Ba wahayi ya gani ba, ba murya ya ji ba. Itace ne irin wanda kowa yake wucewa ta gabansa.

Ya shiga soja kamar yadda samarin talakawa da yawa suka yi. Wata rana sojojin Jamusawa suka kama shi, suka zarge shi da leƙen asiri, suka yi barazanar rataye shi. Ya nuna musu cewa ba shi da laifi kuma ba ya tsoron mutuwa, daga baya suka sake shi. A 1635 aka ji masa rauni lokacin da sojojin Suwidin suka far wa garin Rambervillers. Aka mayar da shi gidan iyayensa, aikin soja ya ƙare ke nan. Ciwon ƙafa kuwa ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Daga yaron gida zuwa gidan zuhudu

Bayan ya warke, ya gwada kaɗaicewa domin ibada, nesa da mutane. Abin bai karɓe shi ba. Sai ya nufi Paris, ya kama aikin yaron gida a wurin wani babban ma'ajin gwamnati mai suna Fieubet. Shi da kansa ya riƙa bayyana kansa a wancan lokaci a matsayin wani ƙato mara dabara da ke fasa duk abin da ya taɓa.

A tsakiyar shekarar 1640, yana ɗan shekara 26, ya ƙwanƙwasa ƙofar gidan ɗariƙar Karmel da ke titin Vaugirard. Ɗariƙar ta samo sunanta daga Dutsen Karmel da ke gaɓar tekun Bahar Rum, inda ta faro. Reshen da ya shiga shi ne wanda Teresa ta Avila ta yi wa gyara a Sifaniya daga 1562, tare da Yohanna na Gicciye. Ana kiran ƴan wannan reshe marasa takalmi, domin ba sa sanya rufaffen takalmi sai fade, alamar talauci da ƙanƙan da kai.

Gidajen zuhudu na lokacin suna da mutane hawa biyu. Akwai masu ilimi, waɗanda suka san Latin, suke zama limamai, suke rera addu'o'in yini a cikin coci, suke wa'azi da karantarwa. Akwai kuma ƴan'uwa masu aikin hannu, waɗanda ke girki, shara, lambu, gadin ƙofa da cefane. Nicolas a rukuni na biyu ya shiga. Aka ba shi sunan Laurent de la Résurrection, wato Laurent na Tashin Matattu, ya kuma ɗauki alkawarin zama ɗan ɗariƙa a watan Agustan 1642. Ya shigo yana zaton za a riƙa hukunta shi saboda rashin dabararsa da kurakuransa, yana ganin hakan zai zama kaffarar zunubansa. Daga baya ya riƙa faɗa cikin raha cewa Allah bai biya masa wannan buƙata ba, domin gamsuwa ya tarar a maimakon azaba.

Shekaru goma na ƙunci

Gamsuwar ba nan take ta zo ba. A wata wasiƙa ya bayyana cewa shekaru goma na farko sun yi masa tsanani. Zunubansa na baya suna tsaye a gabansa kullum, yana ganin bai cancanci alherin da Allah yake yi masa ba. Akwai shekaru huɗu da ya yi yana da tabbacin cewa shi ɗan wuta ne, kuma babu wanda ya iya kawar masa da wannan tunani. Littattafan da ke koyar da matakan addu'a ma ba su taimake shi ba, sai ƙara rikita shi da suka yi.

Abin da ya fitar da shi shawara ce da ya yanke wa kansa. Ya tuna cewa don ƙaunar Allah kaɗai ya shigo wannan gida. Saboda haka, ko tsira zai yi ko halaka, zai ci gaba da yin kowane aiki don ƙaunar Allah, aƙalla ya san har ranar mutuwarsa ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Lokacin da ya haƙura cewa wataƙila a cikin wannan ƙunci zai ƙare kwanakinsa, sai ya ji natsuwa ta sauko masa, kuma ba ta sake barinsa ba. Wannan ɓangare na tarihinsa yana da muhimmanci, domin masu karanta shi a gaggauce sukan ɗauka mutum ne da aka haifa da sanyin zuciya. Alhali kuwa sojan da ya ga ɓarnar yaƙi ne, wanda ya yi shekaru yana kokawa da tsoro.

Shekaru 15 a gaban murhu

An tura shi madafa, aikin da a ɗabi'arsa ya tsana. Gidan babba ne, a wasu lokuta mazaunansa sukan kai kusan mutum ɗari, har da matasa masu koyon zuhudu. Duk wanda ya taɓa girkin biki ya san abin da hakan yake nufi: itace, hayaƙi, ɗiban ruwa, fere kayan lambu, wanke manyan tukwane, ga masu kira ta ko'ina kowa da buƙatarsa. Haka ya yi shekaru 15, a tsaye bisa ƙafa mai ciwo.

A nan ne ya gina abin da aka san shi da shi. Hanyar tasa ba ta da wuyar bayani. Kafin ya fara aiki, yakan roƙi Allah ya taimake shi, ya kuma miƙa masa aikin. Yana cikin aiki, yakan riƙa yi wa Allah magana a zuci da gajerun kalmomi, kamar yadda mutum ke yi wa wanda ke tsaye kusa da shi. In ya gama, sai ya duba yadda ya yi. In ya yi daidai, ya gode. In ya yi kuskure, ya nemi gafara, ya amsa cewa iyakar abin da zai iya ke nan in an bar shi da kansa, ya ci gaba ba tare da ya zauna yana cizon yatsa ba. In hankalinsa ya tafi wani wuri, sai ya dawo da shi a hankali, ba da faɗa ba, domin ya lura cewa damuwa a kan shagala ita ma wata shagala ce.

Ya yarda cewa da farko abin yana da wuya, yakan manta na tsawon lokaci. Amma maimaitawa ta mayar da shi ɗabi'a, har ya kai inda lokacin aiki da lokacin addu'a suka zama ɗaya a wurinsa. A cikin hayaniyar madafa yakan ji kusancin Allah daidai da yadda yake ji in ya durƙusa a coci. Misalan da ya fi bayarwa daga hannunsa suka fito: juya wainar ƙwai a kasko don ƙaunar Allah, ko ɗauke tsinke daga ƙasa don ƙaunar Allah. In girki ya ƙare babu sauran abin yi, yakan faɗi rubda ciki a ƙasa ya yi wa Allah sujada, ya tashi yana jin ya fi sarki wadata.

Tushen ra'ayinsa shi ne cewa Allah ba girman aiki yake dubawa ba, ƙaunar da aka yi aikin da ita yake dubawa. Saboda haka tsarkaka ba ta buƙatar mutum ya canza sana'a. Abin da take buƙata shi ne ya yi wa Allah abin da ya saba yi wa kansa. Ya kuma yi gargaɗi cewa mutane da yawa suna tsayawa a kan azumi da wahalar da jiki suna mantawa da ƙaunar da ita ce manufar, kamar matafiyin da ya mayar da hanya masauki.

Waɗanda suka zauna da shi sun shaida cewa wannan bai sa ya zama malalacin kuku ba. Ba a ganin sa yana gaggawa, ba a kuma ganin sa yana jan ƙafa. Kowane abu yakan yi shi a kan lokacinsa.

Gangunan inabi da rumfar takalma

Ba madafa kaɗai aka jarraba shi ba. An aike shi yankin Auvergne, sannan yankin Bourgogne a 1666, domin sayo ruwan inabi na gidan. Aikin ya yi masa nauyi ta fuska biyu: bai iya ciniki ba, ga kuma ƙafa. A cikin jirgin ruwan da ya ɗauko kayan, ba ya iya tafiya sai dai ya mirgina a kan gangunan. Ya ce bai tayar da hankalinsa ba, ya gaya wa Allah cewa hidimarsa ce aka fito yi, kuma ya dawo ya tarar komai ya tafi daidai.

Da ciwon ƙafar ya tsananta, shugabannin gidan suka mayar da shi rumfar takalma, inda zai yi aiki a zaune. Gidan da mutum ɗari ke yawo da fade ba ya rasa tsinkakken maɗauri ko cinyayyen dunduniya. Ya ji daɗin wannan aiki, amma ya nuna a shirye yake ya bar shi in an ce ya bari. Rumfar da aikace-aikacen waje sun haɗa shi da mutanen gari: leburori, mabarata, masu kawo kaya. Sannu a hankali labarinsa ya fita daga katangar gidan.

Manya sun fara yi masa sallama

A ranar 3 ga watan Agustan 1666, wani matashin limamin coci mai suna Joseph de Beaufort ya kai masa ziyara. Ya koma sau da dama, yana rubuta abin da ya ji bayan kowace ganawa. Hirarraki huɗu da ya adana, daga 1666 zuwa 1667, su ne ginshiƙin abin da aka sani game da Laurent. Beaufort ya kwatanta shi da mutum mai kaushin siffa amma mai sakin fuska, wanda ke magana kai tsaye, wanda kuma mutum kan ji ya amince da shi tun ganin farko. François Fénelon, ɗaya daga cikin manyan malaman cocin Faransa a zamanin Sarki Louis na 14, shi ma ya ziyarce shi yana kwance ba lafiya, suka yi hira a kan mutuwa.

Wasiƙunsa 16 da suka tsira sun nuna irin mutanen da ke neman shawararsa: mata masu zuhudu, limamai, da matan gari. Shawarar ba ta canzawa. Game da wani matashin soja, ya aika cewa ɗaga zuciya ga Allah na ɗan lokaci kaɗan, ko da mutum yana tafe da takobi a hannu, addu'a ce karɓaɓɓiya, kuma ba ta rage jarumta. Wata mata mai shekaru 64 ya tuna mata cewa lokaci ya ƙure musu su biyu, ya ce ba sai tana coci kullum za ta kasance tare da Allah ba, tana iya mayar da zuciyarta ɗakin addu'a, ta tuna da shi a kan abinci da cikin mutane.

Ba shi ya fara ba

Laurent bai ɗauki kansa mai kawo sabon abu ba, kuma gaskiya ce ba shi ya fara ba. Linjila ta nuna Yesu Almasihu a matsayin kafinta a Nazarat kafin ya fara wa'azi. Manzo Bulus yana ɗinkin tanti don ciyar da kansa, kuma a wasiƙunsa ga mutanen Koranti da Kolosi ya umurci mabiya su yi ci da sha da kowane aiki don ɗaukakar Allah. Dokar zuhudu ta Benedikt, tun ƙarni na 6, ta buƙaci mai kula da kayan gida ya riƙe kayan aiki da darajar da ake ba kwanonin bagadi. Teresa ta Avila ta koya wa ƴan'uwanta mata cewa ana samun Ubangiji a tsakanin tukwane. Martin Luther ya koyar da cewa aikin manomi da na mai raino kira ne daga Allah kamar na limami. François de Sales kuma ya wallafa littafi a 1609 yana nuna cewa taƙawa ta dace da soja, mai sana'a da matar aure.

Bambancin Laurent shi ne matsayinsa. Yawancin masu wannan koyarwa malamai ne da ke magana a kan ma'aikata. Shi kuwa ma'aikacin ne da kansa, mai ƙaurin hayaƙi a riga. Mai karatu a ƙasar Hausa, inda aka saba jin cewa neman halal ibada ne kuma niyya ce ke ba aiki daraja, ba zai ji batun baƙo a kunnensa ba, duk da cewa kowane addini da tushen da ya ɗora shi a kai.

Rasuwarsa da rigimar da ta biyo baya

A shekarunsa na ƙarshe ciwon ƙafar ya zama gyambo, ya kuma yi manyan jinyoyi uku. A wasiƙar da ya rubuta kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa, ya bayyana fatan ganin Allah nan da ƴan kwanaki. Da wani ɗan'uwa ya tambaye shi abin da yake yi a kan gadon ajali, ya amsa cewa abin da zai yi har abada ne yake yi, wato yabon Allah da ƙaunarsa. Ya rasu yana da kimanin shekaru 77.

Beaufort ya wallafa ƙa'idojinsa da wasiƙunsa a 1692, sannan hirarrakin da bayanin halayensa a 1694. Amma littafin ya fito a mummunan lokaci. Cocin Katolika tana cikin taƙaddama a kan wata koyarwa da ake zargi da cewa tana sa mutum ya miƙa wuya har ya daina ƙoƙari, ya daina damuwa da ceton kansa. An riga an hukunta Miguel de Molinos a Roma a 1687 saboda ita. A Faransa, Fénelon da Bishop Bossuet na Meaux suka shiga zazzafar muhawara, Fénelon kuma ya kafa hujja da Laurent wajen kare ra'ayinsa na ƙaunar Allah ba don lada ba. A 1699 Paparoma Innocent na 12 ya yi tir da wasu jimloli 23 daga littafin Fénelon. Ba a hukunta rubutun Laurent ba, amma ƙurar rigimar ta shafe shi, Katolikan Faransa suka yi watsi da shi na tsawon lokaci.

Waɗanda suka raya sunansa ƴan ɗariƙun Furotesta ne. Pierre Poiret ya sake buga rubutun a ƙasar Holan, Gerhard Tersteegen ya gabatar da shi ga Jamusawa, John Wesley, wanda ya kafa ɗariƙar Metodis a Ingila, ya yaɗa shi a tsakanin mabiyansa. Daga nan ya bazu a Ingila da Amurka, ya bi masu wa'azi zuwa wasu nahiyoyi. Sai a ƙarni na 20 ya dawo gida sosai, kuma a 1991, cikar shekaru 300 da rasuwarsa, wani malamin ɗariƙar Karmel mai suna Conrad De Meester ya fitar da ingantaccen bugu na rubutun. Har yanzu cocin Katolika ba ta ayyana shi waliyyi ba. Cocin Saint-Joseph-des-Carmes, inda ya yi ibada, tana nan tsaye a harabar jami'ar Katolika ta Paris.

Inda ake sa masa alamar tambaya

Akwai masu ganin haɗari a cikin irin wannan koyarwa, ta fuska biyu. Na farko, malalaci na iya fakewa da ita ya ce tunda aikinsa ibada ne, ba ya buƙatar addu'a. Tarihin Laurent bai goyi bayan haka ba. Ya kiyaye lokutan addu'a da dokar gidan ta tsara har ƙarshen ransa. Abin da ya ƙi shi ne a ce da an fito daga coci an rabu da Allah ke nan sai wani lokacin.

Na biyu ya fi nauyi. Mai gida azzalumi na iya ɗaukar labarin ya gaya wa kukunsa ko ƴar aikinsa su yi haƙuri da ƙaramin albashi, tunda Allah suke yi wa aiki. Amma Laurent ba ɗan ƙwadago ba ne da aka danne wa haƙƙi. Da ƙafarsa ya shiga gidan, abincin da ya dafa shi ma daga ciki yake ci, kuma da jikinsa ya gaza aka sauya masa aiki mai sauƙi. Koyarwarsa ba ta halatta wa kowa cin gumin wani ba. Hasali ma, in da gaske wanke tukunya na iya kai darajar wa'azi a wurin Allah, to wanda ya raina mai wanke tukunya ya raina abin da Allah ya karɓa. A Faransar Louis na 14, inda haihuwa da muƙami ke yanke wa mutum matsayinsa, ganin manyan malamai suna zuwa neman shawara a wurin mai gyaran fade ya isa ya nuna cewa wasu daga cikinsu sun fahimci hakan tun yana raye.